Mamacin Da Na Aro A Rediyo

Ku yi min alkawari ba za ku kai wa Fasto wannan magana ba, ni da kaina zan kai masa idan na gama tattaro ƙarfin hali. Sunana Kalolaine, amma a garinmu Kolovai kowa Kalo yake ce min. Shekarata ashirin da shida, kuma shekara uku ke nan cur ban sa tufa mai launi ba. Baƙar riga, baƙin zane, tabarmar makoki ɗaure a ƙugu. Shekarar farko ta Babana ce, wannan babu mai yi min gori a kanta. Sauran biyun kuwa, Allah ya yafe min, na mutanen da ban taɓa gani ba ne.

Ga yadda nake yi. Kowace safiya rediyo na karanta sanarwar rasuwa, ni kuma ina zaune a ƙofar kicin ina kankare kwakwa, kunnena na can. Da na ga makokin da nake ciki ya kusa ƙarewa, sai in zaɓi wani tsoho daga tsibirai masu nisa, in saki kwakwar, in dafe ƙirji in ce, “Wayyo, ɗan'uwan Mama ne.” Mama ta rasu tun ina goye, 'yar tsibirin 'Uiha ce, kuma babu wanda ya san danginta a garinmu. Gwaggo Sulieti, yayar Babana da ta raine ni, ta san zuriyar gidanmu har kan wanda ya fara kiwon alade a cikinsu, amma da an ce ɓangaren Mama sai ta gyaɗa kai kawai. Da haka na samu kawu huɗu, inna biyu, da wata kaka da ita kaɗai ta ba ni wata uku.

Za ku ce me ya yi zafi. To muddin gida na makoki, babu saurayin da zai shigo neman aure da kava, abin shan gargajiyarmu da budurwa ke dama wa baƙi, babu mai tsayar da ni rawa a bikin coci, kuma babu mai ce min, “Kalo, ɗan yi murmushi mana.” Wannan ta ƙarshen ita na fi tsana.

Ranar jana'izar Baba na daina murmushi. Baba mai wa'azi ne, mutum ne da idan ya yi dariya a bakin titi ana jiyo shi a bakin teku. Ranar da aka binne shi na zagaya bayan rumfa in sha iska, sai na tarar da matan zumuntar coci, su ɗin da suka gama rera waƙa da hawaye shaɓe-shaɓe, suna cusa cinyoyin alade a jaka, ɗaya na ƙorafin wai an ba ɗayar mai kitse. Tun daga ranar idona ya buɗe, ko in ce ya lalace. Idan mace ta ɗaga hannu a coci, sabon agogonta nake gani. Idan Fasto ya yi ƙwalla a kan bagade, sai in ce ya tuna rufin gidansa da ke yoyo ne. Abin haushin, sau da yawa ina da gaskiya, shi ya sa na kasa bari.

Sai ga Lopeti, mai motar burodi, wanda kuma shi ke buga gangar katako ta kiran ibada ran Lahadi, yana bugawa yana rawa da kafaɗu kamar an ce masa biki ake. Shekara uku yana ajiye mana burodi mai zafi a kan katanga, shekara uku yana turo min saƙo kullum. Bari in karanto muku biyu ku ji irin mutumin da nake fama da shi.

“Kalo, yau wata kaza ta shiga mota a Nukunuku, ba ta sauka ba sai Fo'ui, ko kallona ba ta yi ba. Na gode wa Allah.”

“Kalo, tayata ta fashe daidai gindin mangwaro, ga su nan nunannu. Na gode wa Allah.”

Amsata guda ce kullum: “To.” Abin da bai sani ba, kowane saƙo sai na karanta shi sau uku, na ukun a banɗaki, inda babu mai ganin fuskata.

Ran Alhamis Gwaggo ta shigo ɗakina ba sallama, ta shimfiɗa wata riga da zane ruwan ƙwai a kan gado, da furanni jajaye manya-manya, har ido na ciwo.

“Makokin wannan kawun naki Asabar zai ƙare, ko?”

“Lahadi, Gwaggo.”

“Asabar. Litinin Lopeti zai zo da kawunnansa da kava, ke za ki dama.”

“Gwaggo, ni fa ban…”

“Ban ce ki aure shi ba. In ba kya so, ki buɗe baki ki faɗa masa. Yaron ya samu gurbin tsinkar 'ya'yan itace a Ostireliya, ya ce in bai ji amsa ba ƙarshen wata zai tafi. Ni kuma na gaji da cin burodin tausayi, ƙiba yake sa ni.”

Ta fita ta bar ni da rigar. Masu karatu, ba ƙin sa nake yi ba. Tsoro nake ji. Na san idan na zauna gaban kwanon kava ya kalle ni, zan yi dariya, in na yi dariya zan fara sa rai, kuma na ga abin da ake yi wa mai sa rai. Na ɗauki waya na rufe saƙonninsa don kar su karya min zuciya, na kwanta da niyyar safiya ta kawo min kawu na biyar.

Safiyar Juma'a na kasa kunne. Sai ga shi satin nan mutanen tsibirai masu nisa duk sun ƙi mutuwa. Mutum ɗaya tak aka karanta: Saimone Havili, ɗan shekara casa'in da ɗaya, a Niutoua, can ɗaya ƙarshen tsibirinmu, za a binne shi Asabar. Bas na zuwa Niutoua, na sani, amma ba ni da zaɓi. Na saki kwakwa.

“Wayyo, Kaka Saimone. Ɗan'uwan kakata Meleseini ne, wadda ta haifi Mama.”

Sunan Meleseini gaskiya ne, shi kaɗai na gada daga wancan ɓangaren. Gwaggo ta dube ni ta saman tabarau, ta daɗe tana dubana.

“Allah ya ji ƙansa. To wannan karon da ni za a je. Shekara biyu dangin uwarki na mutuwa ban taɓa zuwa gaisuwa ba, sai a ce ba ni da tarbiyya.”

Ran Asabar Gwaggo ta kwance min yagaggiyar tabarmata ta jefar gefe, ta ciro wata mai laushi daga ƙarƙashin katifa, mai ƙanshin kafur, ta ɗaura min da igiyar kaba har numfashina na sama-sama. Ta ce jikar 'yar'uwar mamaci ba ta zuwa kamar 'yar kicin, darajarta tana sama da ta 'ya'yansa. Muka ɗauki kek biyu da bandir ɗin yadi, muka hau bas biyu. Duk hanya ina addu'ar bas ya lalace, bas kuwa bai taɓa lafiya irin ta ranar ba.

Mun tarar an dawo daga maƙabarta. Tun daga bakin titi na fara jin abin da ya ɗaure min kai: dariya. Rumfa cike da baƙaƙen kaya, idanu jajur, amma wani dattijo na tsaye yana ba da labarin yadda marigayin ya sa aka gyara masa kabari tun bara, ya shiga ya kwanta wai ya gwada ko ya yi masa daidai, barci ya kwashe shi, aka yini ana nemansa a gari. Mata na riƙe ciki, suna share hawaye da bakin zane. Aka ce ya bar wasiyya, duk wanda ya ja waƙar yabo a hankali a jana'izarsa, a hana shi nama.

Gwaggo ta durƙusa gaban wata 'yar ƙaramar tsohuwa da ke kan tulin tabarmi, Kaka Akosita, ƙanwar marigayin, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

“Na kawo muku jikar 'yar'uwarku Meleseini.”

Tsohuwar ta ƙanƙance ido, ta ce 'yan'uwa sun yi yawa ta daina riƙe su, ta buga tabarmar da ke gefenta. Kafin in ce uffan an ɗora ni a sama, an rataya min fure, an ajiye min faranti da doya da naman da aka naɗe a ganyen gwaza, ni kaɗai.

Daga can wajen ramin gasa nama wani ya taho da tire, cikin ƙatuwar tabarma tsohuwa tun daga hammata har idon sawu, irin ta jikokin gida, fuska duk toka. Lopeti ne. Marigayin shi ya haifi mahaifiyarsa, shi ya sa sunan bai yi min kama da komai ba.

Da ya gan ni fuskarsa ta washe gaba ɗaya, ya ɗauka gaisuwa na zo masa. Ya taho da sauri, tabarmar na harɗe shi. Wata mata ta tare shi ta ce, “Hankali, 'yar'uwarka ce, jikar Meleseini.” Ya tsaya cak. Ya dubi inda aka zaunar da ni, ya dubi furen. Sannan ya ja da baya taku uku, ya sunkuyar da kai yadda namiji ke yi gaban 'yar'uwarsa.

“Sannu da zuwa, ƙanwata.”

Ya miƙa wa matar tiren, ya juya. A al'adarmu, jinin da ya haɗu a kakanni wa da ƙanwa ne, ba aure, ba wasa, ko ɗaki ɗaya ba a zama. Da bakina na yi wa kaina wannan, don kawai kar in sa rigar ruwan ƙwai.

Na zaro waya daga cikin tabarma na buɗe saƙonninsa. Na Juma'a da asuba: “Kalo, Kaka ya tafi gida, yana cikin ba mu labari ya yi shiru. Na gode wa Allah da ya ara mana shi.” Ina cikin karantawa wani sabon saƙonsa ya shigo.

“Ban sani ba. Ki yafe min saƙonnin shekara uku, ba a yi wa 'yar'uwa irin wannan. Litinin ba zan zo ba. Na rasa kaka na samu ƙanwa. Ina ƙoƙarin in ce na gode wa Allah, ki ba ni minti biyar.”

Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗu min wuri ɗaya kamar lokacin ba. Na juya wajen Gwaggo, tana ta aikin cinyar kaza hankali kwance.

“Gwaggo, kakan Lopeti ne,” na raɗa mata.

“Na sani tun kafin rediyo ya sani. Shi ya faɗa min da ya kawo burodi.”

“Kuma kika bar ni?”

“Kawu huɗu na bar ki. Ci abincinki, babbar baƙuwa.”

Idona ya koma sana'arsa, don ita kaɗai ya iya: can gefen rumfa wata mata mai ƙiba na zura cinyar alade cikin jaka, ta waiga, ta ƙara ta biyu. Na ji tsohon ɗacin nan ya taso min, har da ɗan daɗinsa. Kaka Akosita ta bi idona ta yi 'yar dariya.

“Kin gan ta ko? Tun muna 'yan mata take sata a jana'iza. Har ta mijinta sai da ta sata.”

“Kuma ba ku ce komai?”

“Ita ce ta yi wata biyu tana juya Saimone a kan gado tana wanke shi, ba dangin kowa ba ce. Da mai satar da mai wankin duk ita ce.” Ta tsotsi ƙashi. “Ni ma ina da ido, yarinya. Duka nake gani. Da yamma sai in zaɓi wanda zan tafi da shi gida, don ba zan iya ɗaukar duka ba, bayana ciwo yake.”

A lokacin aka shimfiɗa farar tabarma a gabanmu. Lokacin yanke gashin 'ya'yan marigayi ya yi. Aka kawo almakashi a faranti. Kaka Akosita ta ɗaga hannuwanta suna rawa ta ce in ta yanke sai ta haɗa da kunne, tunda Allah ya kawo jikar 'yar'uwa, ita za ta yi.

Aka sa min almakashi a hannu. Mahaifiyar Lopeti ta rarrafo ta durƙusa, ta ba ni baya, ta kwance gashinta. Ya zubo har kan tabarma, baƙi da furfura, yana ƙanshin man kwakwa. Na ji wata na cewa tun tana budurwa ƙarfe bai taɓa shi ba, ubanta take ajiye wa. Ta ce min a hankali, “Yanke da kyau, 'yata, na Baba ne.” Can nesa, bayan igiyar rumfa, Lopeti na tsaye kansa a ƙasa.

Na buɗe almakashi. Na rufe a iska. Na ajiye shi.

“Ƙarya na yi.”

Babu wanda ya ji sai Gwaggo, ita kuma ta ce, “Ɗaga murya, a rediyo ma da ƙarfi ake faɗa.”

Na miƙe, furen na lilo a wuyana. “Ƙarya na yi. Ban san Kaka Saimone ba. A rediyo na ji sunansa jiya na ɗauka. Babu abin da na san ya haɗa shi da kakata. Na yi ne don in ci gaba da sa baƙi, don kar a kawo kava gidanmu Litinin, don kar in yi farin ciki a zo a karɓe min kamar yadda aka karɓe Babana.”

Wannan ta ƙarshen ban shirya faɗinta ba, ita ta fito da kanta. Na jira a kore ni, na kuma san na cancanta.

“Shi ne na farko?” in ji Kaka Akosita.

“Na takwas.”

“Lissafo su.”

Na fara jero su da garuruwansu. Ina kaiwa kan kawu na uku wani tsoho ya ɗaga sanda daga baya.

“Wannan surukina ne. Wata nawa kika yi masa?”

“Biyu, Baba.”

“Matarsa sati biyu ta yi. Ashe yana da mai sonsa a Kolovai.”

Mai satar cinya ce ta fara, wata irin dariya mai kama da tari, sai ta kama rumfar gaba ɗaya. Mahaifiyar Lopeti na durƙushe gashi a baje, kafaɗunta na girgiza, ta ce da Babanta na nan da ya roƙe ni in fara masa tun yana da rai ya ga yadda zai yi kyau. Ni ina tsaye ina jin wani abu na motsi a ƙasan haƙarƙarina, na danne, igiyar Gwaggo ta taya ni dannewa, amma ina. Dariyar ta ɓalle. Na yi dariya har na zauna daɓas a kan tabarmin, hawaye da majina, muryar da na ji tana fita daga bakina kuma ta Baba ce sak. Shekara uku ina tsammanin baƙin kaya ne ke riƙe min shi.

Da na share ido na ga Lopeti ya tsallako igiya. Taku ɗaya, taku biyu, haƙoransa duk a waje, toka na gangarowa da hawaye.

“Kai, tsaya nan,” in ji Kaka Akosita. Ta daina dariya. Ta juyo gare ni. “Yarinya, ita Meleseinin, ita ma a rediyo kika samo ta?”

“A'a, Kaka. Ita gaskiya ce.”

“'Yar ina?”

“'Uiha.”

Tsohuwar ta ajiye ƙashin hannunta. Ta ce uwarsu ita da Saimone 'yar 'Uiha ce, can aka yanke musu cibi. Ta sa a ɗauko mata littafin zuriya daga cikin akwati, da tabaranta. Dariya ta ɗauke. A karo na farko ranar na ga Gwaggo ta daina tauna.

Muryar nan ta mugun zato da na yi shekara uku ina ciyarwa ta matso kusa da kunnena ta ce, kin gani ko, minti biyu kika yi kina murna. Na saurare ta, don ta saba yin gaskiya. Sannan na dubi Lopeti, tsaye inda aka tsayar da shi, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, fuskarsa cike da tsoro. Ban san abin da ke cikin littafin nan ba. Amma na yi masa murmushi, cikakke, gaban uwarsa da Gwaggo da kowa, tun ba a buɗe ba. Na ce ko me aka karanto, wannan dai na riga na ba shi.

Kaka Akosita ta lashi yatsa ta juya shafi, ta sake juyawa, ta bi layi da farce har ƙasa. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi Lopeti.

“Meleseini biyu ne a 'Uiha,” ta ce. “Ɗaya tamu ce.”